Igiya a Wutsiyar Jirgi

Jirgin ya faɗi da sassafe ranar Litinin, shekara biyar bayan ƙarewar babban yaƙin Nasara. Ina bakin rijiyar Tin Azawa ina shayar da taguwata, da idona na gani. Ya yi gudu a filin kamar kullum, farfelarsa biyu na ruri. Da ya rabu da ƙasa sai ya ɗaga hanci sama ya ƙi saukewa, kamar amalen da aka fizgi akalarsa. Ya tsaya a iska. Sannan ya dawo ƙasa da ciki, ya ja yashi har gindin tudun ƙarshen fili.

Mutum goma sha tara ne a ciki. Ba wanda ya mutu. Matuƙin, Kaftin Delmas, ya karye a cinya. Saura ƙujewa ce da tsoro. A cikinsu akwai tamu ɗaya, Tinalbaraka, wadda ƙafarta ta yi wata biyu a kumbure, Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin, ya ba ta wuri a kai ta asibitin Gawo. A kan tabarmarta aka fito da ita, tana salati.

Kafin azahar makaniken filin, wani Bafaranshe da muke kira Jan Wuya, ya sami igiya a wutsiyar jirgin. A wutsiyar akwai wani faifai mai motsi sama da ƙasa, shi ke ɗaga hancin jirgi, shi ke sauke shi. An ɗaure shi tam ta gefen dama. Matuƙi ya tura, abu ya ƙi.

Kafin la'asar an sa wa Bekkay ag Wantiti sarƙa.

Ba wanda ya yi mamaki. Mako guda kafin nan Jan Wuya ya kore shi daga aikin mirgina gangunan fetur, shi kuma ya ce a gaban kowa tsuntsun nan wata rana sai ya ci yashi. An kuma gan shi a filin ranar Lahadi, kafin hadarin da ya sa jirgin ya kwana a wurinmu. A bakin rijiya maza suka daina kallon ’yan'uwansa.

*

Kumandan ya aiko a kira ni. Shekara goma sha biyu na yi ina sojan raƙumi, a can na tsinci Faransancina. Na umarni ne da zagi, amma yana isa.

Ya ce, "Ilbak, jirgin Alhamis zai tafi da shi Gawo. Ka san abin da ake yi wa wanda ya nemi kashe mutum goma sha tara."

"Na sani."

"Nuna mini sawunsa, in rubuta."

"Sawu zan nuna maka. Na wane ne, ƙasa za ta faɗa."

Na karɓi igiyar. Ta fata ce, kitsi huɗu, da ɗan jan tuntu a baki ɗaya. Jan Wuya da wuƙa ya yanke ta, ƙullin yana nan yadda aka yi shi. Kowa ya ce dabaibayin raƙumi ne. Ni ma haka na ɗauka.

Duk garin ya tattake inda jirgin ya faɗi. Ban je can ba. Na je inda ya kwana, na sa aka kewaye wurin da ƙaya tun kafin awaki su same shi.

*

Bekkay yana zaune a ɗakin da ake kulle mutane, ya ja amawali har ƙasan ido. Da ubansa muka yi tafiyar gishiri sau shida.

Na ce, "Kai ne?"

"Kawu, har da kai?"

"Tambaya na yi."

"Na ce zai ci yashi, ban musa ba. Da magana tana kayar da jirgi, da Jan Wuya ya daɗe da zama jaki, don wannan ma na faɗa."

"Me ya kai ka fili ranar Lahadi?"

"Salkata na bari a rumfar fetur. Na ɗauko na fita."

"Ka gaya wa Kumandan?"

"In tsaya ina yi wa Nasara rantsuwa a kan salka?"

Haka ubansa yake. Zai yarda a harbe shi, ba zai yarda a ga ya roƙa ba.

A gefensa akwai akushi, da sauran furar cuku da dabino. Na tambayi wanda ya kawo.

"Inna Tekna, uwar Tinalbaraka. Sau biyu ke nan."

"Me ya haɗa ku?"

"Ba komai. Na ce ko guba ce, tunda ’yarta na cikin jirgin. Na sha. In guba ce, ta iya dama ta."

*

Mai gadin filin wani mutumin bakin kogi ne, Arbonkana. Ya rantse tun da jirgin ya sauka har gari ya waye bai ɗaga daga gindin fiffikensa ba.

Na ce, "Hadarin nan duka a kanka ya zuba?"

"A kaina, Baba."

"Bargonka a bushe yake. Sawunka ya shiga rumfar fetur da iskar farko, bai fito ba sai bayan ruwa. Ka yi shayi a can, na ga tokar. Shayi kusa da fetur."

Ya kama hannuna. "Baba Ilbak, kar Kumandan ya ji. Ina da ’ya'ya."

"Me ka gani?"

"Mutum, da baƙaƙen kaya, ta wajen wutsiya. Ana yayyafi, iska na neman ɗaga rumfa. Na ɗauka ba mutum ba ne."

"Dogo ko gajere?"

"Ban tsaya aunawa ba, ayar tsari nake karantawa."

Baƙaƙen kaya kowa ke sawa a Tin Azawa. Bai ba ni komai ba. Amma a rumfar na ga wasu jajayen katakai biyu a bayan ganga, ƙura ta kwanta a kansu, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakaninsu. Na san su. In jirgi zai kwana, su ake maƙala wa faifan wutsiya don kar iska ta wahalar da shi, da safe a cire.

Na sami Jan Wuya a bakin injin da ya ƙone.

"Ka sa katakan ranar Lahadi?"

"Ina ruwanka? Nemo mini sawun ɓarawonku."

"Ka sa?"

Wuyansa ya ƙara ja. Ya koma kan injinsa. Ban sake tambaya ba.

*

Filin laka ne mai tauri. Yayyafin farko ya jiƙa shi, sannan ruwa mai ƙarfi ya zo ya shafe kusan komai. Amma inda wutsiyar jirgin ta yi wa ƙasa rumfa, ruwan bai taɓa ba. Iskar farfela tana share yashi, ba ta share laka.

Na durƙusa. Sawu shida ne. Ƙafa ba takalmi, ƙarama. Dunduniya ta nitse, alamar mai shi ya jingina baya yana jan abu da ƙarfi. A bayan kowane sawu akwai ɗan shara, irin wanda bakin zane ke yi.

Ƙafar Bekkay ta kai tafin raƙumi. Wannan ba tasa ba ce. Ba ta namiji ba ce.

Na daɗe a wurin. Ban ji daɗin abin da na gani ba.

*

Na kai igiyar wurin Agali maƙeri. Matan gidansa ke kitsa duk igiyar fatar da ke garin. Maƙeri yana faɗa wa kowa abin da ya ga dama, haka muka gada, ba a fushi da shi.

Ya juya ta a hannu, ya fashe da dariya.

"Wannan ce dabaibayin? Maigidana Ilbak, mai ganin sawun tururuwa a kan dutse? Shekara nawa kana kwana a tanti?"

"Yi magana."

"Ba ka taɓa ɗaga kai ka ga abin da ke riƙe da shi ba? Ku maza dai a kafa muku, ku shiga, ku miƙe ƙafa. Ranar da mace ta kore ka ta naɗe tantinta, sannan za ka san da igiya a duniya."

"Agali."

"Ƙullin tanti ne, ranka ya daɗe. Duba." Ya ɗauki wata igiya ya ƙulla irinsa a jikin turke, ya ce in ja. Na ja, ya ƙara matsewa. Ya kama jelar da aka bari ya fizga sau ɗaya, ƙullin ya zube. "Iska ta ja, ya riƙe. Mai shi ya ja, ya saki. Tuntun nan kuma alama ce, don a san inda za a mayar da ita."

"A mayar?"

"Kai, ashe da gaske kake. In hadari ya taso, mace ta ga tantin maƙwabciya na neman tashi, ba ta tsayawa neman izini. Ta ɗaure da igiyarta ta koma. Da safe ba ta zuwa kwancewa, kar a ce godiya ta zo karɓa. Mai tanti ke zagaya kayanta, ta ga igiya, ta kwance, ta kai wa mai ita."

"Jan tuntu na wa?"

Dariyar ta tsaya. Ya koma hura wuta.

"Ni maƙeri ne. Wuƙa nake yi."

Na riga na sani.

*

Tantin Tekna shi ne na ƙarshe ta wajen fili. Tinalbaraka na kwance a ciki. Uwar tana waje tana kaɗa nono. Ƙaramar mace ce, ta girme ni da shekara biyu ko uku. Na zauna nesa kaɗan, na ajiye igiyar a tsakaninmu. Ba ta daina kaɗawa ba.

Ta ce, "Ka daɗe. Tun jiya nake jiranka."

"Gaya mini."

"Iska ta taso, abin nan na bayansa yana bugawa, ƙaf, ƙaf, har nan nake ji. Na leƙa, ba mai gadi, ba Nasara. Na ce kafin safe zai ɓalle. In ya ɓalle wa zai kai mini yarinya? Wata biyu ina zuwa ƙofar Kumandan kafin ya ba da wurin nan."

"Da safe fa?"

"Da safe ina shirya ta. Na ce masu shi za su zagaya, su kwance, su tambayi mai jan tuntu. Wa ke tashi bayan hadari bai duba kayansa ba, Ilbak? Ko jaki za ka hau ai ka duba ƙafarsa."

"Kin bar yaron mutane a sarƙa kwana biyu."

Hannunta ya tsaya.

"Na je ƙofar sau biyu da niyyar faɗa. Sai in tuna in sun tafi da ni, wa zai juya ta, wa zai wanke ta? Sai in ajiye akushi in dawo. Na kusa kashe ’yata da hannuna. Ka bar ni da wannan, ya ishe ni."

"Bai ishi Bekkay ba."

"Na sani. Ranar Alhamis ba zai shiga jirgin nan ba. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Na tashi. A hanya na yi ta juya abin. In na kai sunanta haka kawai, na cire sarƙa daga ƙafar saurayi ne na sa a ƙafar tsohuwa. Kumandan suna yake so, ba ruwansa da na wa.

Maganarta ce ta mayar da ni fili. Wa ke tashi bayan hadari bai duba kayansa ba? Na sake tsayawa bakin ƙayar. Kwana biyu ina kallon sawun da ke wurin. Ban taɓa tambayar kaina sawun da babu ba. Ni da ake kira bin sawu daga tafiyar kwana biyar. Na tsufa, ko kuma Agali ya yi gaskiya.

*

Ranar Laraba da hantsi na ce Kumandan ya tara su a inda jirgin ya kwana. Aka zo da Bekkay da sarƙarsa, da Arbonkana, da Jan Wuya. Kaftin Delmas aka ɗauko shi a kan kujera, ƙafarsa ɗaure da katako. Tekna ta zo da kanta ta tsaya cikin mata. Garin duka yana bayan ƙayar.

Na nuna sawun Bekkay a bakin rumfa, ya shiga ya fita, ruwa ya dake shi. Bai kusanci jirgi ba. Na sa ya taka kusa da sawu shidan nan. Ƙafarsa ta ninka su.

Kumandan ya ce, "To na wa ne?"

Kafin in buɗe baki Tekna ta ratso ƙayar. Ta ɗora ƙafarta a cikin sawun. Ya zauna mata daidai.

"Nawa ne, ɗana. Ni na ɗaure."

Aka yi gunaguni. Jan Wuya ya ce a kama ta. Na fassara wa Kumandan abin da ta faɗa mini, da al'adar igiya, ban ƙara ban rage ba. Na sa Agali ya ƙulla ƙullin, na miƙa wa Kumandan jelar. Ya ja, ya zube a hannunsa.

Na ce, "Mai son kisa ba ya barin jela, ba ya barin alamar gidansa. Ba ya sa ’yarsa a ciki."

Kumandan ya ce, "Ko da haka ne, igiyarta ta kayar da jirgi."

"Ban gama ba. Arbonkana, kawo katakan."

Ya kawo su da saƙar gizo-gizonsu. Kumandan ya kalli Jan Wuya. Jan Wuya ya kalli ƙasa ya ce hadarin ne ya zo da sauri.

Na ce, "Da an sa su, da faifan bai buga ba, da ba ta fito ba. Yanzu ku dubi nan."

Na bi da su gefen hagu, inda ƙofa take. Takalman matafiya, takalman matuƙa biyu, duk daga gidan baƙi suka miƙe zuwa matakala. Takalmin Jan Wuya ya je gindin ƙafafun jirgi ya dawo. Sannan na zagaya da su dama. Daga bakin fiffike har wutsiya lakar sumul take, yadda ruwa ya bar ta. Ko kaza ba ta taka ba.

"Kowane jirgi ya kwana a nan, da safe ina ganin takalmi ya zagaya shi. Ranar Litinin bai zagaya ba. Igiyar tana nan a fili, daidai ƙirjin mutum, da jan tuntu."

Kumandan ya buɗe littafinsa.

"Ilbak, takarda ba ta karɓar al'ada. Sunan wa zan rubuta?"

"Ni ƙasa nake karantawa. Akwai ƙafar da ta zo inda ba a aike ta ba. Akwai ƙafar da aka aika ba ta zo ba. Alƙalami naka ne."

Kaftin Delmas tun da aka ajiye shi lakar nan yake kallo. Saurayi ne, bai kai talatin ba, an ce duk yaƙin a sama ya yi shi.

Ya ce, "Rubuta nawa."

Kumandan ya ce ya yi tunani, aikinsa ne a kai.

"Na yi. Wani hadarin na haɗuwa a gabas, ina son in riga shi. Ban zagaya ba. Ban gwada sandar tuƙi ba kafin in saki birki. Aikin minti biyu ne." Ya juyo wurina. "Ka gaya wa matar nan ƙullinta ya fi katakanmu riƙo. Ka ce mata ban ji haushinta ba."

Na gaya mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kumandan ya yi rubutu mai tsawo. Sannan ya ce a kira maƙeri ya cire sarƙa.

Agali ya ce, "Ga ni nan tun ɗazu, ranka ya daɗe. Ni na sa ta, ban matse ba, na san ba za ta daɗe ba."

Bekkay ya ce, "Ƙarya kake, baƙin maƙeri. Dubi ƙafata."

Da sarƙar ta faɗi, bai kalli Kumandan ba, bai kalle ni ba. Ya gyara amawali ya nufi Tekna. Mata suka ja baya. Ta tsaya.

"Kwana uku, Inna."

"Kwana uku, ɗana. Ba ni da abin cewa."

Ya kalli wajen tantinta.

"Gobe wa zai ɗauki Tinalbaraka zuwa fili?"

"Ban samu ba tukuna."

"Kin samu."

*

Jirgin Alhamis ya zo da azahar. Masu binciken da ya kawo suka karanta takardar Kumandan, suka duba lakar, ɗaya ya zana ƙullin a littafinsa. Ba su tafi da kowa a sarƙa ba. Tekna an ce kada ta sake taɓa jirgi. Ta ce ko an roƙe ta.

Tinalbaraka ta ce ba za ta shiga ba, gara ƙafar ta kashe ta a ƙasa. Bekkay bai yi gardama da ita ba. Shi da ƙanensa suka ɗauki tabarmar da ita a kai, suka kai ta ciki, suka kwantar da ita kusa da Kaftin Delmas. Kaftin ya nuna ƙafarsa ya nuna tata. Ta yi dariya duk da kukan.

Sabon matuƙin ya fito zagaya jirginsa. Da ya waiwaya sai ya ga garin Tin Azawa duka a bayansa, maza da mata, har da makahon liman ana jansa. Ya taɓa fiffike, muka duba fiffike. Ya ɗaga faifan wutsiya ya sauke, wata tsohuwa ta ce a gaya masa ya sake, ba ta gani ba. Ya sake.

Ya tashi lafiya. Mun tsaya har ƙararsa ta ɓace, sannan kowa ya kama gabansa. Bayan wata biyu Tinalbaraka ta dawo a motar gishiri, ta sauka da ƙafarta.